Mahaifina Ya Ce Karatun Mulki Ba Na Ɗan Talaka Ba Ne

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 20 a Marwa da ke arewacin Kamaru, kuma bana Allah ya ba ni sa'ar cin jarrabawar bak, wato ta gama sakandare. Burina in shiga jami'a in karanci sha'anin gudanar da mulki domin in yi wa jama'armu aiki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaran unguwarmu da ake hana su rubuta jarrabawar gama firamare saboda ba su da takardar haihuwa. Mahaifina ɗan kasuwar albasa ne. Ya ce wannan karatu na 'ya'yan manya ne, wanda ba shi da uwa a gindin murhu ba ya shiga ENAM, makarantar horar da jami'an mulki, ya kuma nuna mini masu lisansi, wato digirin farko, da suke tuƙa babur a gari. Yana so in zauna tare da shi a kasuwa. Wani abokin yayana kuma ya ce ya san mutumin da zai sa sunana a jerin waɗanda suka ci idan lokaci ya yi, muddin an tanadi kuɗi. Ba na son saɓa wa mahaifina, ba na kuma son in binne burina. Ina neman shawara.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah.

Ɗana, barka da cin jarrabawa. Allah ya sanya albarka a cikinta, ya kuma saka wa iyayenka da suka ɗauki ɗawainiyarka tun daga aji ɗaya har zuwa yau. Zan fara da maganar mahaifinka Alhaji, domin na lura ka ɗauke ta a matsayin abin da ya tare maka hanya, alhali kuwa rabinta gaskiya ce tsagwaronta, kuma duk shirin da ka yi ba tare da ka sa wannan rabin a lissafi ba, zai rushe tun kafin ka kai shekara ta uku a jami'a.

Gaskiyar da ke cikin maganarsa ita ce, lisansi a fannin shari'a ko kimiyyar siyasa ba ya ba kowa aikin gwamnati a Kamaru. Iyakar abin da yake yi shi ne ya ba ka izinin zama a ɗakin konkur, wato jarrabawar gasar shiga, tare da sauran masu nema. Wanda yake son matrikil, wato lambar ma'aikacin gwamnati, ya zama ma'aikaci mai albashi da fansho, dole ya bi ta gasar shiga, kuma ƙofar da kowa ya zuba wa ido ita ce ENAM da ke Yawunde, makarantar da asalinta ya koma 1959, wadda take yaye jami'an mulki irin waɗanda ake naɗawa sufurefe, wato wakilin gwamnati mai kula da gunduma, da jami'an haraji, da na kwastan, da na baitulmali, da alƙalai, da magatakardan kotu. Ana shiga matakinta na B da bak, na A kuma da lisansi, sashen alƙalai kuwa yana neman karatun shari'a da ya wuce lisansi. Masu nema dubbai ne a kowace shekara, guraben kaɗan ne, akwai kuma iyakar shekarun da idan mutum ya wuce su an rufe masa ƙofa. Tsarin daidaita yankuna yana ware wa kowane yanki kasonsa, abin da yake taimakon ɗan Arewa Mai Nisa, amma hakan bai mayar da gasar mai sauƙi ba. Saboda haka waɗanda Alhaji ya nuna maka a kan babura ba malalata ba ne. Da yawansu sun rataya rayuwarsu gaba ɗaya a kan wannan ƙofa guda, suka yi ta rubuta konkur har shekaru suka tsere musu, ba su koyi wani abin da za su riƙe ba.

Game da abokin yayanka, amsata ɗaya ce: kada ka yarda, kada kuma ka bari maganar ta kai kunnen mahaifiyarka har ta fara tunanin sayar da abin da ta mallaka. Ba zan ce maka ƙorafin sayen gurbi ƙarya ba ne, domin ya daɗe a bakin jama'a da shafukan jaridu. Amma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓarta, dokar ƙasa ma ta tanadi hukunci a kai, kuma da yawa daga masu cewa sun san wani a Yawunde 'yan damfara ne, waɗanda idan sakamako ya fito babu sunanka ba ka da inda za ka kai ƙara, tunda kai ma da hannunka a ciki. Ko da ma an dace sunan ya fito, ka dubi abin da zai biyo baya. Wanda aka sayar da gona ko shanu aka saya masa kujera, zai hau ta da bashi a wuyansa, kuma babu inda zai fanshe wannan kuɗi sai a aljihun mutanen da ka ce kana so ka yi wa aiki: mai neman takardar fili, da direban da ya ɗauko albasa, da uban da ya zo neman takardar haihuwar ɗansa. Wanda ya sa sunanka ma ba zai manta da kai ba, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ka rubuta konkur da guminka. Tunda kana da bak, kana iya gwada matakin B kana cikin karatun jami'a, ko don ka ga irin tambayoyin da ake yi, ka san inda rauninka yake.

Yanzu zan nemi izinin Alhaji in ƙara wani abu a kan maganarsa. Hoton mulki da mutanen zamaninsa suka tashi da shi shi ne na gwamna da perefe da sufurefe, waɗanda ake naɗowa daga Yawunde, kuma shekaru da dama hoton daidai yake. Amma tsarin mulki na 18 ga Janairu 1996 ya buɗe hanyar sauko da iko ƙasa, dokokin 2004 suka biyo baya, sannan a ranar 24 ga Disamba 2019 aka zartar da babbar dokar ƙananan hukumomi da yankuna. Ƙasar nan tana da ƙananan hukumomi 360, da hukumomin birane 14 waɗanda Marwa da Garwa da Ngaundere suke ciki, kuma a ranar 6 ga Disamba 2020 aka yi zaɓen farko na majalisun yankuna, kowace da kujeru 90, 20 daga ciki na wakilan sarakunan gargajiya. Gina azuzuwa, da kula da ƙananan asibitoci, da haƙa rijiyoyin burtsatse, da kasuwanni, da hanyoyin karkara, da rajistar haihuwa da aure da mutuwa, duka suna cikin abubuwan da magajin gari da majalisarsa suke da hannu a ciki. A 2020 aka kafa makarantar NASLA a Buea, a madadin tsohuwar cibiyar CEFAM, domin horar da ma'aikatan waɗannan hukumomi, ita ma da konkur ake shigarta. Matasanmu na arewa ba su cika kallon wannan ƙofa ba, saboda ba ta da kwarjinin kakin sufurefe.

Ba zan yi maka ado da ita ba. Dokar 2019 ta ce kason da gwamnatin tsakiya za ta ware wa wannan tsari kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigarta, amma abin da yake isa ƙasa bai kai haka ba. Akwai ƙananan hukumomin da ma'aikatansu suke bin bashin albashi, akwai kuma inda siyasa take shiga ɗaukar aiki. Duk da haka, a nan ne nake ganin gibin da mai irin niyyarka zai cike. Magajin gari ɗan siyasa ne, yana zuwa yana wucewa. Waɗanda aiki yake tafiya ko yake tsayawa a hannunsu su ne babban sakataren hukuma, da mai riƙe da asusu, da jami'in tsare-tsaren ci gaba, da sakataren rajista. Sau da yawa ƙauye yakan rasa rijiya ko aji biyu ba don an sace kuɗin ba, sai don babu wanda ya iya shirya takardun aikin a kan lokaci, ko aka makara wajen ba da kwangila, ko aka karɓi aikin banza saboda wanda aka tura dubawa bai san abin da aka rubuta a yarjejeniya ba, har shekarar kasafi ta ƙare kuɗin bai yi amfani ba. Irin wannan asara ba ta da amo, shi ya sa ba a zancenta a majalisar shayi, amma ta fi cutar da talaka fiye da abubuwa da yawa da ake ta ihu a kansu.

Mu dawo kan abin da ya tsaya maka a rai, domin na fi ganin amsar tambayarka a cikinsa. Me ya sa yaro yake kai aji shida ba shi da takardar haihuwa? Galibi an haife shi ne a gida, babu takardar asibiti da za ta tuna wa kowa, uba yana fama da gona ko kasuwa, cibiyar rajista tana da nisa, wani lokaci kuma an je an tarar littafin rajistar ya ƙare. Idan an kai sanarwa cikin wa'adin da doka ta ɗiba, takardar kyauta ce. Idan wa'adin ya wuce, magana ta koma kotu: sai an nemi takardar likita mai ƙiyasta shekarun yaro, da shaidar cewa ba a taɓa yi masa rajista ba, da shaidu, da kuɗin tambari, da zirga-zirgar da magidanci mai 'ya'ya takwas ba zai iya ba. Shi ya sa lokaci-lokaci ake shirya zaman kotu na tafi-da-gidanka, inda alƙali yake zuwa ya yanke wa ɗaruruwan yara hukunci a zama ɗaya, da haɗin gwiwar ƙananan hukumomi da hukumar BUNEC da aka kafa a 2013 domin kula da sha'anin rajista. Yaron da bai samu ba, ba zai rubuta CEP, jarrabawar gama firamare, ba, gobe katin ɗan ƙasa zai yi masa wuya, kuma a yanki irin namu mai iyaka da Najeriya da Chadi, inda shingayen bincike suke ko'ina tun da rikicin Boko Haram ya shigo, rashin takarda yana iya jefa mutum cikin abin da ya fi rashin makaranta muni.

Babu abin da ya hana ka fara wannan aiki tun wannan watan, ba ka buƙatar lisansi ko matrikil. Ka je ka gaida mai unguwarku, ka nemi izininsa, ka ga shugaban makarantar firamare mafi kusa, ku fitar da sunayen yaran aji huɗu da biyar da ba su da takarda, domin na aji shida lokaci ya riga ya ƙure musu. Ka kai jerin ofishin rajista na ƙaramar hukumarku, Marwa ta ɗaya ce ko ta biyu ko ta uku, ka tambayi lokacin da za a yi zaman kotu na gaba da abin da iyaye za su tanada. Abin da ya fi wannan amfani kuma shi ne toshe ɓarakar daga tushe. A unguwarmu ba a haihuwa a ɓoye: ungozoma ta sani, wanzami ya sani, liman kuma shi yake raɗa suna ran bakwai, lokacin da wa'adin rajista bai ko kusa cika ba. Idan limaman unguwa suka yarda su riƙa tambayar uban jariri, bayan an shafa fatiha, ko an kai sunan ofishin magajin gari, za a rage yaran da za su buƙaci kotu nan da shekara goma fiye da yadda kowane taron wayar da kai a otal zai rage. Wannan aiki yana buƙatar saurayi mai ladabi, mai jin Faransanci da Hausa da Fulatanci, wanda zai iya zama a zaure da kuma ofis, kuma kai ne wannan saurayin.

Ka kuma san haƙƙin da dokar 2019 ta ba ka. Zaman majalisar ƙaramar hukuma a buɗe yake ga jama'a, kuma duk mazaunin yanki ko mai biyan haraji yana da ikon neman kwafin kasafin kuɗi da bayanan zama da tsarin ci gaban hukumar, da kuɗinsa. Kowace shekara gwamnati tana fitar da kundin ayyukan da za a yi da kasafin zuba jari, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, da adadin kuɗin kowane aiki. Ka samu na yankinku ka karanta, ka je ka ga ko ajin da aka rubuta yana tsaye. Ɗalibin da ya yi wannan shekara uku, zai fahimci darasin kuɗin gwamnati fiye da wanda ya haddace littafi, zai kuma samu abin faɗa a gaban masu tantancewa ranar jarrabawar baka. Sai dai ka yi shi da natsuwa da girmama manya, ka tambaya don ka sani, kada ka bari wata jam'iyya ta mayar da kai ɗan aikenta tun ba ka tsaya da ƙafarka ba.

Batun inda za ka yi karatu ba shi da wahala. Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, tana da tsangayar shari'a da siyasa da kuma ta tattalin arziki da gudanarwa. Ta Ngaundere da ke Dang ta girme ta, tun 1993 take, ta Garwa kuma an kafa ta a 2022. Kuɗin rajista a tsangayoyin jami'o'in gwamnati sefa 50,000 ne a shekara, abin da yake cin kuɗi shi ne haya da abinci da mota, saboda haka ni a ganina ka zauna a Marwa, ka kwana a gidanku, ka kasance kusa da Alhaji. Ka fi karkata ga shari'ar hukuma a kan kimiyyar siyasa zalla, ka ba da ƙarfi ga dokar gudanarwa, da kuɗin gwamnati, da ƙa'idojin ba da kwangila, ka kuma nemi hanyar koyon lissafin kuɗi da aiki da kwamfuta ko da a wajen jami'a ne. Ra'ayoyin masana siyasa suna buɗe kai, ban raina su ba, amma ba su ake nema ba ranar da aka ajiye maka kasafi aka ce ka nuna inda kuskure yake. Faransancinka na rubutu shi ne makaminka na farko, domin maƙalar ilimin gama-gari ita take kayar da yawancin masu konkur, kuma ba a gyara alƙalami a wata uku. Ka riƙa rubuta shafi biyu kowane mako, ka kai wa wani malami ya yi maka jan biro. Turancin Ingilishi ma harshen hukuma ne, ma'aikaci kuma ana iya tura shi ko'ina a ƙasa. Harsunan gida kada ka ɗauke su ƙaramin abu. Rikicin 2021 tsakanin Larabawan Shuwa da Musgum, wanda ya taso a Logone-Birni a kan ruwa har ya kai Kusiri, ya sa dubban mutane tsallakawa Chadi, ya nuna irin buƙatar da ake da ita ta jami'in da zai ji kukan makiyayi da na masunci da kunnensa, ba ta bakin tafinta ba.

Za ka ji abokai suna cewa a bar gwamnati a nemi ƙungiyoyin agaji, tunda Marwa ta cika da ofisoshinsu tun bayan buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao a 2013. Suna koyar da tsari da rubuta rahoto, albashinsu ma ba laifi, amma kwangilarsu gajera ce, kuɗinsu daga waje yake zuwa, kuma an ga yadda ayyuka suka tsaya a ƙasashe da dama a 2025 da Amurka ta janye tallafin USAID. Ka ɗauke su wurin koyon aiki. Idan kuma wata makaranta mai zaman kanta ta yi maka tallan digiri a fannin gudanar da ayyukan ci gaba, ka nemi ganin izininta daga ma'aikatar ilimi mai zurfi kafin ka biya ko sisi.

Kasuwar albasa kuwa, ina roƙonka kada ka bar ta, kuma ba don lallashin Alhaji nake faɗa ba. Ma'aikacin da yake da halaliyar hanyar samu a gefe ya fi iya cewa a'a idan an miƙo masa ambulan, ɗalibin da yake da jari kuma ba ya shiga halin da zai sa faɗuwa konkur ta zame masa ƙarshen duniya. Ban da haka, buhun albasar da ya tashi daga yankin Diamare, inda Marwa take, zuwa Yawunde ko Duwala yana ratsa tikitin kasuwa, da haraji, da shingaye, da lalacewar hanya, kuma duk waɗannan sha'anin mulki ne kamar yadda talaka yake ɗanɗanarsa. Manoma suna sayarwa da arha lokacin kaka saboda ba su da rumbun ajiya mai kyau, albasa tana ruɓewa, 'yan watanni kaɗan kuma farashi ya tashi. Ƙungiyar haɗin gwiwa mai rajista, mai littafin kuɗi a tsare, tana iya neman rance ko tallafin gina rumbu, amma mafi yawan ƙungiyoyinmu suna mutuwa ne saboda babu wanda ya iya rubuta dokokinsu, ya riƙe lissafinsu, ya cika takardun neman tallafi. Idan ka zama wannan mutum ga abokan sana'ar mahaifinka, ka yi wa jama'a aiki, Alhaji kuma zai ga amfanin karatun da idonsa a cikin harkar da ya fi sani.

Saura yadda za ka tunkare shi. Kada ka je da gardama, kada ka yi maganar a rumfa gaban abokansa ko yaransa. Ka fara samun baffanka ko kawunka wanda yake jin maganarsa, ko limamin masallacinku, ka bayyana masa shirinka, ku je tare bayan sallar isha'i. Ka fara da amincewa cewa abin da ya faɗa game da masu lisansi gaskiya ne, sannan ka shimfiɗa masa abin da kake roƙo dalla-dalla: shekara uku a Marwa, kana kwana a gida, kana riƙe masa littafin shiga da fita, kana rumfa duk ranar da babu darasi da dukan lokacin hutu, kuɗin rajista kuma daga ladan aikinka za a cire. Ka yi masa alkawarin nuna masa sakamakonka kowane zango, da cewa ba za a taɓa neman kuɗinsa don sayen gurbi ba. Ka kuma sa wa kanka iyaka a gabansa, cewa idan ka gama lisansi ka gwada konkur sau biyu ko uku ba a dace ba, za ka ci gaba da kasuwa da aikin ƙungiya ba tare da ka zauna jiran Yawunde ba. Uba ɗan kasuwa ya fi natsuwa da magana mai wa'adi da lissafi.

Idan duk da haka ya ce a'a bana, kada ka yi rajista a ɓoye. Bak ɗinka ba ta lalacewa, shekararka 20, kana da sarari kafin iyakar shekarun konkur ta matso. Ka yi masa shekara guda a kasuwa da zuciya ɗaya, ka fara aikin takardun haihuwa a unguwa, ka ci gaba da gyara rubutunka, sannan ka sake aika baffanka kafin a buɗe rajistar baɗi. Idan kuwa ya amince, to ka hanzarta, domin ana fara karɓar takardun sababbin ɗalibai tun kafin Oktoba. Ka tanadi kwafin takardar haihuwarka da na sakamakon bak waɗanda hukuma ta buga wa hatimi, ka kuma duba da kyau cewa sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a dukan takardun, domin bambancin harafi guda yana iya sa a mayar maka da takardunka ranar konkur.